Ciniki Ba Tayi: Nazari a Kan Damfarar Masu Sana'ar Hannu ta Imel da Saƙon Waya a Garin Bauchi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin macuci a kasuwa. Ya san mai algus, ya san mai tauye mudu, ya kuma san mai sayar da gonar da ba tasa ba. Sai dai macucin da, dole ne ya tako da ƙafarsa ya shigo kasuwa, a ga fuskarsa, a ji muryarsa, in ta ɓaci a san gidan da za a bi shi. Na yau kuwa yana kishingiɗe a ɗakinsa, a wata ƙasa ko a wani gari, ko ma a unguwar da ke bayan taka, zai aiko da saƙo ya raba baduku ko maɗinkin hula da jarinsa.

Wannan takarda za ta dubi irin damfarar da ake yi wa masu sana'ar hannu ta hanyar wasiƙar imel da saƙonnin wayar salula, inda ɗan damfara kan zo a rigar mai saye. An ɗauki garin Bauchi a matsayin fagen nazari. Za a bayyana ma'anar damfara da tarihinta a taƙaice, da yadda ciniki yake a gargajiyance, da ire-iren tarkon da ake ɗanawa, da salon harshen da ake amfani da shi, sannan matakan kariya. Manufa ita ce a nuna cewa ƙa'idojin cinikin da muka gada sun isa su tona asirin mafi yawan waɗannan saƙonni, muddin ba a yi watsi da su don an ga baƙon ya zo ta waya ba.

2.0 Ma'anar Damfara da Taƙaitaccen Tarihinta

Damfara ita ce raba mutum da dukiyarsa ta hanyar yaudara, ta yadda shi da kansa zai miƙa ta da hannunsa. A nan ta bambanta da sata da fashi. Ɓarawo a ɓoye yake ɗauka, ɗan fashi da ƙarfi yake ƙwata, shi kuwa ɗan damfara ba shi ake yi, wani lokaci har da godiya. Shi ya sa Hausawa kan kira ta zamba cikin aminci, domin sai an yarda da mutum sannan yake iya yin ta.

A Nijeriya an fi sanin wannan laifi da lambar 419, wadda aka samo daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka da ke aiki a kudancin ƙasar. A Arewa kuwa kundin Final Kot, wanda ya fara aiki a 1960, shi ya tanadi hukuncin cuta da yaudara. A shekarun 1980 'yan damfara sun riƙa aika wasiƙu ta gidan waya zuwa ƙasashen waje, daga baya suka koma na'urar fas, sannan imel. Wata shari'a da ta yi fice ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda shi da abokansa suka karɓi dala miliyan 242 daga wani banki na ƙasar Brazil tsakanin 1995 da 1998, da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja. An yanke masa hukunci a Legas a 2005, shekara biyu bayan hukumar EFCC ta fara aiki a ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu. Haka kuma a 2022 wata kotu a Amurka ta ɗaure Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, fiye da shekara 11 kan halatta kuɗin damfarar intanet.

Irin waɗannan labarai sun sa mutane da yawa suna ɗauka cewa damfarar imel abu ce da ake yi wa Turawa da manyan bankuna. To amma fa tarkon da ya kama giwa ba ya ƙyale zomo. Zuwan wayar salula a 2001, da yaɗuwar Facebook da WhatsApp da Instagram daga baya, sun sa ƙaramin mai sana'a ma ya shiga idon 'yan damfara. A Amurka da Turai masu zane da masu sana'ar hannu sun daɗe suna kuka da irin waɗannan masu saye na ƙarya, har hukumomin kare haƙƙin masu ciniki na can suna gargaɗi a kansu. Dabarar da aka gwada a can ita ce ake sauya wa riga a kawo ta nan.

3.0 Masu Sana'ar Hannu a Garin Bauchi

Garin Bauchi, wanda Malam Yakubu ya kafa a 1809 bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, gari ne na sarauta da kasuwanci. Inda duk akwai fada da hawan salla, to akwai aikin dukawa masu kayan doki da takalma da jakunkuna da tumtum, da maƙera, da maɗinka manyan riguna da huluna. Akwai kuma masassaƙa da masu saƙar tabarma da faifai, da masu ginin tukwane a ƙauyukan da ke kewaye. Wani kaso mai yawa na wannan aiki, musamman ɗinkin hula da saƙa, mata ne ke yin sa a cikin gida. Kasuwannin Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa nan ne mahaɗar masu yi da masu saye. Zaman Bauchi babban birnin jiha tun 1976, da baƙin da ke bi ta garin zuwa Yankari ko ziyarar kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun sa masu sana'a sun saba da baƙon da ke neman tsaraba. Saboda haka in wani ya ce daga nesa yake yana son kaya, ba abin mamaki ba ne gare su.

3.1 Yadda Ciniki Yake a Gargajiyance

Kafin a fahimci inda ɓarakar take, ya kamata a tuna yadda cinikin Bahaushe yake tafiya. Mai saye zai yi sallama, ya ɗauki kaya ya jujjuya, ya duba ɗinki ko jima, har ya kushe kaɗan don ya samu rangwame. Zai tambayi kuɗi, ya yi tayi, a ce masa albarka, ya ƙara, a yi ta ja har a sallama. In cinikin babba ne akwai dillali a tsakani, wanda ya san mai kaya ya kuma san mai saye, yana karɓar la'adarsa. In baƙo ne, yana da mai masauki da zai tsaya masa. In kuwa aiki za a bayar a yi, to mai sayen ne ke ba da kafin alƙalami don a sayi fata ko zare.

Idan aka duba da kyau, ginshiƙai uku ne ke riƙe da wannan tsari. Na farko, ido da ido, wato an ga juna. Na biyu, shaida, wato akwai na uku da ya san abin da aka ƙulla. Na uku, hannu da hannu, wato kuɗi na fitowa daga mai saye zuwa mai kaya, kaya kuma na bin ɗaya hanyar. Babu inda aka taɓa jin mai kaya ne ke biyan mai saye.

3.2 Abin da Ya Sauya

A yau matashin baduku kan ɗauki hoton takalman da ya ɗinka ya sa a Facebook, tare da lambar wayarsa. Matar aure kan sa hulunanta a WhatsApp, a saya daga Abuja ko Legas, a ba direba a tasha ya kai. Wannan ci gaba ne, kuma babu mai cewa a koma baya. Sai dai ya rushe ginshiƙi na farko da na biyu: ba a ga mai saye ba, kuma babu dillali. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, ya tura har waɗanda ba su saba ba zuwa karɓar kuɗi ta banki. Ke nan ginshiƙi na uku ma ya koma saƙon da ke shigowa waya. A wannan giɓi ne ɗan damfara ya samu wurin zama.

4.0 Ire-iren Damfarar

4.1 Biyan da Ya Zarce Kuɗin Kaya

Wannan ita ce uwar damfarar da ake yi wa masu sana'ar hannu a duniya. A ɗauka wani baduku ya sa kuɗin tumtum goma naira 200,000. Mai saye zai amince nan take. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya aiko da shaidar biyan naira 350,000, ya ce akawunsa ne ya yi kuskure, ko kuma ya haɗa da kuɗin mai dakon kaya. Sai ya roƙi arziki a tura rarar naira 150,000 zuwa wani asusu. Badukun, don gudun cin haƙƙin wani, zai yi sauri ya tura daga aljihunsa. Daga baya ne za a gano ba a biya ko kwabo ba. In an riga an ba da kayan, asarar ta zama biyu: ga kuɗi, ga kaya.

A ƙasashen waje da ceki na jabu aka fi yin wannan. Dalili kuwa shi ne, banki kan iya nuna kuɗin a asusu kafin ya gama tantance cekin, kuma tantance cekin wata ƙasa kan ɗauki makonni. Ranar da aka gano na jabu ne, banki zai zare kuɗinsa daga asusun wanda ya kai shi. A nan gida kuwa an fi amfani da hoton rasit da aka ƙirƙira, ko imel mai ɗauke da tambarin banki ko na kamfanin PayPal, wanda ke cewa kuɗin na nan a riƙe, za a sake su da zarar an tura rarar.

4.2 Alat na Bogi

Wannan ta fi kowace yawa a kasuwanninmu. Ɗan damfara kan aiko da saƙon tes mai kama da na banki sak, da sunan banki da adadin kuɗi da ranar biya. Wani kuma hoton rasit zai turo ta WhatsApp. In mai kaya ya ce bai ga kuɗi ba, sai a ce masa matsalar sabis ce, za su shigo. Da yake kowa ya san ana samun irin wannan jinkiri, sai a yarda. Yawanci sukan zaɓi yammacin Juma'a ko jajiberin salla, lokacin da bankuna ke rufe kuma mai sana'a ke cikin hada-hada. Sai ga ɗan acaɓa ko mai Keke Napep an turo ya karɓi kaya, shi ma bai san wanda ya aiko shi ba.

4.3 Kuɗin Share Fage

A nan ana ɗora wa mai sana'a buri ne mai girma. Za a ce wani otal a Dubai na son jakunkuna ɗari biyar, ko wata ƙungiya a Ingila za ta gayyace shi baje koli, ko an zaɓe shi cikin waɗanda za a ba tallafi. Abin da ya rage kawai ya biya kuɗin rajista, ko na fom, ko na inshora, ko na takardar kwastan. In ya biya na farko sai a ɓullo da na biyu, kowane ya fi na baya, shi kuma yana ci gaba da biya don kada wanda ya zuba ya tafi a banza. Tun daga wajen 2021 an ƙara da wani salo, inda ake ce wa masu zane za a sayi hoton aikinsu da kuɗin intanet a farashi mai tsoka, amma sai sun fara biyan kuɗin buɗe asusu a wani shafin da 'yan damfarar ne suka gina shi.

Abin da ke sa wannan tarko kamawa shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Gaskiya ne mai fitar da kaya waje yana rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya. Gaskiya ne kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke ba da takardar izinin fita da kayan fasaha don a tabbatar ba kayan tarihi ba ne. To amma waɗannan hukumomi suna da ofisoshi da ake zuwa a yi tambaya, kuma ba a biyan kuɗin gwamnati a asusun wani mutum.

4.4 Satar Lambobin Sirri

Wani mai sayen ba kuɗi zai nema ba. Zai ce don ya tura kuɗi daga waje yana buƙatar lambar BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014, ko lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi, ko wata lamba da banki zai turo yanzu. Wani zai aiko da wani adireshin intanet ya ce a latsa a ga samfurin aikin da yake so, sai shafin ya nemi kalmar sirrin imel ko ta Facebook. Wani kuma zai ce zai sa mai sana'a a zauren 'yan kasuwa na WhatsApp, a karanto masa lambobi shida da suka shigo. Duk wanda ya ba da waɗannan ya ba da makullin gidansa. Za a kwashe abin da ke asusunsa, ko a ƙwace shafinsa a riƙa karɓar kuɗin abokan cinikinsa da sunansa. Wannan ta ƙarshe ta fi ciwo, domin mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa ne ke zubewa.

4.5 Mayar da Asusun Mai Sana'a Hanyar Wucewa

Wannan ta fi sauran haɗari, domin a cikinta kuɗin gaske ne ke shigowa. Ɗan damfara zai yaudari wani mutum dabam, ya ba shi lambar asusun mai sana'a ya biya a ciki. Sannan ya kira mai sana'ar ya ce ya fasa cinikin, ko kuɗin sun yi yawa, a mayar masa ta wani asusu ko ta wurin mai POS. Ranar da wanda aka cuta ya kai ƙara, sawun da za a bi zai tsaya ne a asusun mai sana'a. Shi za a rufe wa asusu, shi za a gayyata ya yi bayani, alhali ɓarawon ya daɗe da yin layar zana.

5.0 Harshe da Salon Saƙon Ɗan Damfara

A matsayinmu na ɗaliban harshe, nan ne ya fi dacewa mu tsaya. Jarin ɗan damfara magana ce, kuma maganarsa tana da siga da ake iya ganewa. Ga misalin yadda irin wannan wasiƙa kan kasance in an mayar da ita Hausa:

"Na ga ayyukanka a intanet, sun burge ni ƙwarai. Ina so in sayi ɗaya in yi wa matata kyautar ba-zata. Yanzu ina wurin aiki a kan teku, ba a samuna ta waya. Faɗa mini kuɗin, zan biya nan take. Ina da mai dako da zai zo ya ɗauka. Don Allah a hanzarta."

Idan aka ƙwanƙwance wannan 'yar wasiƙa za a ga abubuwa kamar haka:

(a) Yabo ba tare da bayani ba. Ya ce ayyukan sun burge shi, amma bai ambaci ko ɗaya ba. Bai ce hula ba, bai ce jaka ba. Dalili shi ne wasiƙa ɗaya ce ake aika wa mutane barkatai, da mai zane da maƙeri da mai tukwane. Mai saye na gaskiya zai tambayi launi da girma da irin fata da kwanakin da aiki zai ɗauka.

(b) Rashin tayi. Wannan ita ce babbar alama a wurin Bahaushe. Wanda zai fitar da kuɗin guminsa sai ya nemi ragi, ko da kuwa attajiri ne. Wanda aka faɗa wa farashi ya amsa ba ja, har ya ƙara da kansa, to ba shi da niyyar biya. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

(c) Labari mai taɓa zuciya. Kyautar mata, ko bikin 'ya, ko rashin lafiyar uwa, ko taimakon marayu. Ana kawo labarin ne don a sa mai kaya jin nauyin yin tambaya.

(d) Uzurin ɓoye fuska. Yana kan teku, ko yana asibiti, ko soja ne a bakin daga, ko wayarsa ba ta ɗaukar hoto. Kowane uzuri manufarsa ɗaya: kada a gan shi, kada a ji muryarsa.

(e) Shigo da mutum na uku. Mai dako, ko akawu, ko wakili. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke magana da lambobi biyu, kuma ta hannun wannan na ukun ne kuɗi za su fita.

(f) Gaggawa. Yau-yau, kafin a rufe banki, jirgi zai tashi gobe. Ɗan damfara ya san in aka kwana aka yi shawara asirinsa zai tonu, don haka ba ya ba da sararin tunani. Sauri kuwa, an ce, ya haifi nawa.

(g) Neman a ɓoye. Kada a gaya wa kowa, wai don kada kyautar ta fasu, ko kada 'yan baƙin ciki su shiga tsakani. Wannan kai tsaye rushe shaida ne.

A da ana gane irin waɗannan wasiƙu ta gurɓataccen Turanci. Yanzu wannan ma'auni ya yi rauni, domin manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna rubuta saƙo mai tsabta cikin Turanci da Hausa. Duk da haka Hausar inji takan fallasa kanta: za a kira mace da "kai", ko a jera jimla bisa ƙirar Turanci, ko a tsallake gaisuwa a faɗa kan magana. Akwai kuma 'yan gida da Hausarsu ba ta da makusa. Su sukan shigo ne da sallama da "ranka ya daɗe" da "Hajiya", su ambaci sunan wani babban mutum ko wata unguwa kamar Ƙofar Ran ko Jahun don a saki jiki, su yi ta rantsuwa tun ba a tuhume su ba. Saboda haka kyan harshe ba shaidar gaskiya ba ne. Abin dubawa shi ne me saƙon ke nema a ƙarshe.

Wani abin lura shi ne, ba kwaɗayi kaɗai ke jefa mutane cikin wannan rami ba, ko da yake an ce shi ne mabuɗin wahala. Sau da yawa kyawawan ɗabi'u ne ake juya wa mutum. Riƙon amana ke sa baduku mayar da rarar da bai karɓa ba. Kunya ke hana matar aure ce wa Alhajin da ya girme ta ba ta yarda da rasit ɗinsa ba. Karamci ga baƙo ke sa a saki kaya kafin kuɗi. Ɗan damfara ya karanci al'adarmu, da ita yake yaƙarmu.

6.0 Matakan Kariya

Rigakafi ya fi magani. Matakan da ke tafe ba wani abu ba ne illa mayar da ginshiƙan nan uku a sabuwar kasuwa.

1. Kuɗi hanya ɗaya suke bi, daga mai saye zuwa mai kaya. Duk cinikin da aka ce mai kaya ya fara tura wani abu, ko da sunan me, a tsaya nan.

2. Saƙon tes da hoton rasit ba kuɗi ba ne. A duba abin da ke cikin asusu ta manhajar banki ko lambar da banki ya bayar, a ga ya ƙaru, sannan a saki kaya. Gani ya kori ji.

3. In kuɗin da suka shigo sun zarce, ko sunan wanda ya turo ya saɓa da na mai saye, kada a mayar ta wani asusu. A je banki a yi bayani, a bar banki ya mayar da su inda suka fito.

4. Lambar asusu da sunan banki sun isa a turo wa mutum kuɗi. Lambar kati da lambar sirri da lambar da ake turowa ta tes ba a ba kowa su, ko da ya ce daga banki yake.

5. A nemi kiran bidiyo, a tambayi cikakken adireshi. In a Kano ko Abuja yake, a sa wani ɗan'uwa da ke can ya gan shi. Wannan shi ne dillalin zamani.

6. A karɓi kafin alƙalamin da zai ɗauki nauyin kayan aiki kafin a yanka fata ko a sa allura. Mai kaya ne kuma zai zaɓi hanyar aikawa, ko direban da ya sani a tasha, ko gidan waya, ko sanannen kamfani.

7. A yi shawara da abokan sana'a da shugabannin ƙungiya. Sau da yawa za a tarar saƙon da ya zo wa ɗaya ya zo wa goma. Matambayi ba ya ɓata.

7.0 Idan An Riga An Faɗa Tarkon

Abu na farko shi ne gaggawar sanar da banki, domin a toshe kati a kuma nemi a riƙe kuɗin a asusun da suka faɗa kafin a kwashe. A nan kowace sa'a tana da daraja. Kada a goge saƙonni da lambobin waya da rasit, su ne hujja. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ke da ofishin shiyya a Gombe. In banki ya yi sakaci da ƙorafi har mako biyu, ana iya kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Nijeriya. Doka tana bayan wanda aka cuta: dokar hana damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024.

A kuma yi hattara da damfara ta biyu. Bayan an cuci mutum, wani kan kira ya ce shi jami'i ne ko gwanin kwamfuta, zai ƙwato kuɗin in an ba shi na aiki. Yawanci su ne dai suka dawo. Babban abin da ke taimakon 'yan damfara shi ne shirun da waɗanda aka cuta ke yi don gudun a ce musu wawaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya faɗa ya tsirar da maƙwabcinsa.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa damfarar da ake yi wa masu sana'ar hannu sabuwar riga ce a jikin tsohuwar cuta. Tana samun shiga ne a inda aka bar ganin juna, aka bar shaida, aka kuma yarda kuɗi su juya hanya. An ga ire-irenta guda biyar, da alamomi bakwai da ake gane harshenta da su, waɗanda mafi sauƙinsu shi ne ciniki ba tayi.

Akwai nauyi a wuyan ɗalibai game da wannan al'amari. Da yawa daga cikinmu 'ya'yan dukawa ne da maƙera da masu ɗinkin hula, kuma da kuɗin waɗannan sana'o'i ake biya mana rajista. In saƙo ya shigo da Turanci, mu ake miƙa wa waya a ce mu karanta. Ke nan ɗalibi ya gaji kujerar tafinta da ta dillali a lokaci guda. Bai kamata ya tsaya ga fassara kalmomi ba, sai ya duba me mai saƙon ke nema, ya faɗa wa mahaifinsa ko yayarsa gaskiya cikin ladabi, ko da kuwa za ta rage musu murna. Haka kuma akwai fili ga masu neman batun kundin kammala digiri, su tattara irin waɗannan saƙonni na Hausa su nazarci salonsu, su kuma shirya faɗakarwa da harshen da 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal za su ji su gane. Hular da aka yi makonni ana ɗinkawa ba ta cancanci a rabu da ita a kan saƙon tes guda ba.